Muryar Illo a Kan Takarda

Masu rubuto mini cewa Illo mayaudari ne, ku dakata haka nan. Kun yanke wa bawan Allah hukunci ba ku ji ƙarshen zance ba, kuma ni na ja ku, don duk inda na zo kan nawa laifin sai in kewaye. Yau ba zan kewaye ba. Na haura arba'in, na gaji da wanke sunana.

Wadda yau ta fara karantawa, sunana Raliya, a unguwar Lazaret na tashi, cikin Yamai. Shekarar da nake magana a kanta ita ce 2010, ina da ashirin da shida. Sojoji sun karɓi mulki tun Fabrairu, daminar da ta wuce kuma ta ƙi. Dangin Babana suka yi ta sauka daga ƙauyukan Dogon Dutsi, ɗaya bayan ɗaya, har gidanmu mai ɗaki uku ya ɗauki mutum goma sha tara. Furar da muke sha da kauri ta koma ruwa mai launin fura. A cikin baƙin akwai Gwaggo Indo, yayar Babana, wadda tun da ta ajiye ƙunshinta ba ta da aiki sai lissafa shekaruna a gaban mutane.

Illo direban kamiyo ne, babbar motar kaya, Ba'adare, bai taɓa zama a aji ba. Shekara ɗaya da rabi muna tare. Cikin Afrilu wata ƙungiyar agaji ta ɗauke shi jigilar hatsi can arewacin Tanut, inda salula ba ta da amfani sai duba lokaci. Ranar da zai tafi ya zo da riga mai ƙamshin man inji, ya ce in rubuta masa adireshin imel ɗina a takarda.

"Kai da ba ka karatu, me za ka yi da shi?"

"A sansaninmu an ce akwai inji mai aika saƙo ta sama. Ke dai ki rubuta, Madam Sakatare."

Bai yi mako biyu da tafiya ba Baba ya kira ni zaure. Ba mutum ne mai faɗa ba, kuma bai yi faɗan ba. Cewa ya yi, "Ba na tilasta ki. Amma kina ganin gidan nan. Yaron nan ya ce zai turo magabatansa, to su zo kafin Sha'aban ya kama. In ba su zo ba, Yakuba tela shekara biyu ke nan yana gaishe ni, kuma ni mutum ne mai jin kunya."

Yakuba ba shi da aibu, kada wata ta ƙirƙiro masa. Yana da shagonsa, yana da haƙuri, saƙonsa kullum iri ɗaya ne da safe: "Ina kwana Raliya. Allah ya ba da sa'ar aiki." Ni dai zuciyata ba ta wurinsa.

Yanzu ku ji inda girman kai ya kai ni.

A Kalley nake aiki, a wani ƙaramin biro, wato ofis, saman shagunan taya, wurin wani mutum mai shirya wa ƴan kasuwa takardu. Daga aji shida na bar lakkol. Ni na koya wa kaina buga rubutu, da yatsa biyu, sannan huɗu, sannan goma. Duk Lazaret an san ƴar Malam Abdu tana aiki da ordinata, wato kwamfuta. Mata na kawo mini wasiƙu in karanta musu. Abin da ba wanda ya sani shi ne manhaja ɗaya tak na iya, ta rubutu. Ita kaɗai. Sauran duk tsoronsu nake ji, kuma da a ji haka gara in haɗiye harshena.

Tsakiyar Mayu, ana zafin da fanka ke hura wuta, saƙo ya shigo daga wani suna da ban sani ba. Layi ɗaya ne da Faransanci: daga wajen Illo direba. Ƙasansa an maƙala wani fishiye, wato kayan da ake haɗawa da wasiƙa. Na latsa shi. Sai wata ƴar taga ta fito tana tambaya: da wace manhaja za a buɗe wannan? Ga jerin sunaye nan, ban san ko ɗaya ba sai tawa. Na zaɓe ta. A ƙasa akwai wani ɗan akwati da rubutu a gefensa, wai a riƙa buɗe irin wannan da ita kullum. Na latsa shi shi ma. Ban tsaya tunani ba, ni a lokacin duk akwatin da na gani sai na cika shi, don kada inji ya ga kamar ban iya ba.

Abin da ya fito ba rubutu ba ne. Ƴan murabba'ai, ɗigo-ɗigo, haruffa masu ƙaho da wutsiya, alamomin da ban taɓa gani a kowane harshe ba, shafi arba'in da wani abu. Na rufe, na sake buɗewa. Tagar ba ta ƙara fitowa ba, kai tsaye shirmen ke zuwa.

Ina da hanya goma a gabana. A ƙasan benenmu akwai gidan intanet. Akwai Tonton Isaka mai gyaran injuna da ke zuwa duk wata. Amma in tambaya, na tona abu biyu ke nan: ban iya aikina ba, kuma namiji na aiko mini da saƙo a injin maigida. Sai na yi abin da nake yi wa kowace wasiƙar biro. Na mayar da amsa da kalmomin da hannuna ya saba: an samu, na gode.

Ku riƙe wannan amsar, za ta dawo.

Na buga shafi uku na farko a takarda, na sa a jaka, da nufin in zauna a gida in duba ko akwai wata kalma a ɓoye. Ina kan tabarma bayan la'asar ina jujjuya su, Gwaggo Indo ta leƙo ta kafaɗata.

"Wannan fa?"

"Aikin biro ne, Gwaggo."

"Aikin biro kike shafawa kamar kan jariri? Ke Hawwa, zo ki gani!" Innata ta taso daga bakin murhu tana goge hannu a zani. Gwaggo ta fizge takardar ta ɗaga ta sama. "Daga wurin direban nan ne, ko ba shi ba?"

Na kai hannu in karɓe takardar. Wannan ya ishe ta.

"La'ilaha illallahu! Hatimi ne. Ga gidajen nan, ga ƙugiyoyin. Ni na ga irinsa wurin wani malami a Matankari. Shi ya sa yarinya ta ƙi kowa, ashe ɗaure ta aka yi ta cikin inji!"

"Yaya, anya kuwa?" in ji Inna.

"To ta karanta mana. Ba ita ce mai boko ba? Raliya, karanta. Ko layi ɗaya."

Na san ba hatimi ba ne. Na san Illo ko laya ba ya ratayawa a motarsa. Kalma huɗu za su wanke shi: ban iya buɗewa ba. Ban faɗe su ba. Ina zaune Gwaggo ta cusa takardun a murhu, ta sa aka yi mini turaren habbatus sauda, ƙannena na dariya a bayan ƙyaure. Daga ranar ba a ƙara kiran sunan Illo a gidanmu ba, sai dai "mai rubutun nan".

Saƙo na biyu ya zo cikin Yuni. Shirmen dai, shafi talatin. An samu, na gode. Na uku ya zo farkon Yuli, gajere, shafi tara. An samu, na gode. A raina har haushinsa na fara ji. Mutum ya yi wa Baba alkawari, maimakon ya turo mutane sai ya riƙa turo mini tarkace? Na yi ta faɗa wa kaina haka har na yarda.

Gajiya ba ta zuwa da ƙara. Kullum in tashi in tsallake mutane a tsakar gida, in bi layin famfo, in tsaya rana ina jiran taksi, in dawo in tarar da idon Inna a kaina. Ita dai ta dube ni ta dubi tukunya. Ranar Laraba, saura kwana biyar Sha'aban, na dawo na same ta tana kankare ƙanzo tana raba wa jikokin Gwaggo. Na ajiye jaka na ce, "Inna, ki faɗa wa Baba na amince da Yakuba."

Ba ta yi guɗa ba. Ta ce, "Allah ya yi miki albarka," ta ci gaba da kankara.

Washegari Alhamis na sa atamfata ruwan ƙasa da ta fara koɗewa, na tafi aiki. Injin buga takarda ya cije tun safe, maigida ya kira Tonton Isaka ya fita harkarsa. Tonton Isaka Bazabarme ne, furfura ta cinye masa gemu, Hausarsa ta kasuwa ce, ba ya ƙawata ta. Ya gama da injin, ya zauna a kujerata don ya gwada, ya buɗe akwatin saƙonni yana neman abin da zai buga. Kafin in kai hannu ya latsa na Illo.

Shirmen ya cika gilashi. Ya gyara tabarau.

"Wa ya yi wannan?"

"Haka yake zuwa, Tonton. Lalatacce ne."

"Ba lalatacce ba ne. Murya ce."

"Murya?"

Ya nuna sunan fishiyen da bakin biro ɗinsa na rubutu. "Dubi wutsiya. Bayan ɗigo, harafi uku. Wannan salula ce ta ɗauki magana. Ke kin ba mai rubutu ya karanta magana, to ga abin da ya karanta."

"Ni ban ba kowa ba. Shi ke buɗewa da kansa."

Ya yi dariya ba ta mugunta ba. "Ƴata, inji ba ya leƙa cikin kaya. Kamar ɗan tasha yake. Kaya ya zo, ya dubi alamar da ke jiki, ya dubi wutsiyar suna, ya duba jerin da yake ajiye: irin wannan, wace mota ke ɗauka? Hoto ga motarsa, rubutu ga motarsa. In alamar baƙuwa ce, ba ta cikin jeri, sai ya tambayi mai wuri. Bai tambaye ki ba?"

Na tuna ƴar tagar. 

"Sau ɗaya."

"Kika ce me?"

"Na zaɓi ta rubutu."

"Kika latsa ɗan akwatin ƙasa?"

Na gyaɗa kai.

"To shi ke nan. Kin ce masa kullum. Ya rubuta a jerinsa, ba zai sake tambaya ba ko shekara goma. Shi ba ya gardama, abin da aka faɗa masa ranar farko shi yake riƙewa."

Ya zaro ƴar kile, abin ajiye manhajoji, daga aljihun gaba, ya soka a jikin injin, ya sa wata manhaja ta sauraro, ya shiga jerin ya canza layi ɗaya. Duka bai kai minti biyar ba. Wata biyu na rayuwata, minti biyar. Ya latsa.

"Raliya, ni ne. Assalamu alaikum. Ban san ko abin nan yana ɗauka ba..."

Muryar Illo ta cika biro, da iska a bayanta da kukan raƙumi can nesa. Tonton Isaka ya yi sauri ya tsayar, ya laluba jakarsa ya miƙo mini abin sawa a kunne. Bai dube ni ba. Ya ce, "Zan sauka in sha shayi. Shayin nan yana daɗewa."

Na farko ya ce ba zai iya ba wani namiji maganarmu ya rubuta ba, shi ya sa ya ɗauka da bakinsa. Ya ce ƙanen mahaifinsa, Kawu Bawa, yana gadin wani sabon bene a Koira Kano, mai ƙofa shuɗiya, bayan tankin ruwa. Goro da kayan gaisuwa duk suna hannunsa. Tsoho ne mai ka'ida, ba zai taka gidan mutane ba sai an ba shi rana, kuma bai san gidanmu ba. In karɓo rana wurin Baba in kai masa. Ya ce jiya sun sauke buhu ɗari biyu a wani ƙauye, wata tsohuwa ta riƙe masa hannu ta ƙi saki, shi kuma ni ya tuna, bai san dalili ba.

Na biyu, muryar ta dushe. "An karanta mini amsarki. An ce kin ce kin samu, kin gode. To Kawu ya aiko cewa ba wanda ya zo. Ko Baba ne ya ƙi? Ki faɗa mini, ba zan ji haushi ba."

Na uku ko minti ɗaya bai cika ba. "Sau biyu kina ji kina cewa kin gode. Na gane. Ba zan ƙara damunki ba. Ranar da muka sauko Damagaram na samu rezo, salula ta kama, zan kira ki sau ɗaya, in ji daga bakinki, shi ke nan."

Ban yi kuka ba, kada ku sa mini abin da ban yi ba. Na zauna ina kallon amsoshina uku a jere, iri ɗaya, kamar hatimin da Gwaggo ke faɗa. Na kira salular Inna, a kashe, tun jiya babu wuta a Lazaret. Na ɗauki jaka. A matakala na ci karo da Tonton Isaka da kofinsa. Ya dubi fuskata ya ce da Zabarmanci, "Kala suuru," wato sai haƙuri, ya matsa mini hanya.

Taksi biyu na canza kafin Koira Kano. Unguwar duk sababbin gine-gine, ƙofofi shuɗɗa sun fi biyar. A ta huɗu na samu wani dogon tsoho a kan benci, da rawani fari da ya sha wanki.

"Sannunku Kawu. Ku ne Kawu Bawa?"

Ya dube ni tun daga ɗankwali har takalmi. "Ke ce Raliya."

"Ni ce."

"Kin daɗe a hanya, ƴata."

Bai ƙara ko kalma a kai ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya shiga ɗakin gadi ya fito da wani ƙunshin algarara a jiƙe. Ya kwance a gabana. Goro ne fari da ja, an jera cikin ganye. Ya ce kowace safiya yana yayyafa masa ruwa, kowace Juma'a yana tsince wanda ya fara baƙi ya sayo wani ya cike. "Ɗari ya bar mini, ɗari ne har yau."

Na faɗa masa gaskiya duka, a tsaye, shi ne mutum na farko da na ce wa ban iya ba. Bai fahimci zancen inji ba, amma ya fahimci saura kwana huɗu. Ya ce ba a zuwa gidan mutane ba rana. Na ce Kawu, in kun jira rana babu sauran gidan da za ku je. Sai ya shiga ya sako babbar riga.

Mun isa Lazaret bayan la'asar. Tun daga bakin lungu na ga wata maƙwabciyarmu tana tauna, leɓenta ja. Ta washe baki. "Amarya! Allah ya sa alheri!" Ƙofar gidanmu duk sawun takalma. Mutanen Yakuba ba su jira Sha'aban ba. Baba ya aika musu da safe, suka zo bayan azahar, aka yi addu'a, aka raba goro gida-gida.

Baba na zaure shi kaɗai, da ragowar goron a faranti. Ya ga tsoho da ƙunshi, ya gan ni a bayansa, ya miƙe ya ba shi tabarma. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta gari, ta fari, ta dabbobin da suka mutu. Gwaggo Indo na bayan labule, ina jin numfashinta. Da Kawu Bawa ya faɗi abin da ya kawo shi, Baba ya juyo gare ni.

"Tun yaushe?"

"Tun Mayu, Baba. Ya aiko sau uku. Takardar da aka ƙona ba asiri ba ce, maganarsa ce. Ni ce ban iya buɗewa ba, na kuma ƙi tambaya."

"Kika bari aka kira ɗan mutane matsafi a gidana."

"Na bari."

Daga bayan labule Gwaggo ta ce, "To ni ina na sani? Ai ita ce mai boko!" 

Baba ya daɗe yana kallon farantin. Sai ya ce wa Kawu Bawa, "Malam, ɗanku bai saɓa ba. Ya cika wa'adi da kwana huɗu a gaba, ni shaida ne. Amma ɗazu na ba wasu mutane magana a kan tabarmar nan, goronsu ya shiga gida arba'in. Ban taɓa aika a karɓo goro daga bakin mutane ba." Ya dube ni, idonsa ya yi ja, ba na fushi ba, na gajiya. "Ke kika ɗaura wannan, Raliya. Jiya da bakinki kika ce Yakuba. In za ki kwance, da bakinki za ki je ki kwance, a gaban Yakuba da iyayensa, ni ba zan aika kowa ba. In ba za ki iya ba, ki sallami tsohon nan yanzu, ya daina wahalar ruwa."

Kawu Bawa bai ɗaure ƙunshinsa ba, bai kuma tura shi gaba ba. Ya bar shi a buɗe tsakaninsu, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

Inna ta leƙo ta damƙa mini goro ɗaya a tafin hannu, cikin na Yakuba, wai rabona da ta ajiye mini. Ina riƙe da shi salulata ta fara kuka a cikin jaka. Na zaro da ɗaya hannun. Sunan da wata uku bai fito a gilashin nan ba, ga shi.

Sau ɗaya ya ce zai kira.

Duk suka zuba mini ido, Baba, Inna, tsoho, har labulen ya daina motsi. Babu taga, babu ɗan akwati, babu injin da zan ce shi ya zaɓa mini. Na ajiye goron a gefen tabarma, na danna, na kai kunne.

"Raliya?"

Na ce, "Illo, kada ka kashe. Sai yau na ji ka."